Yadda ake kiwo a fili mai dangin wake ba tare da sun ɓace ba

Tun da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar hana kiwon sake a watan Satumba na 2021, mai dabba a jihar Legas ya san lissafi ya canja. Wasu daga cikin mutanenmu na Agege da Alaba Rago sun nemi fili can wajen Ikorodu, Epe ko Badagry, wani haya wani saye, suka ja waya, suka shuka ciyawa. Waɗanda suka samu shawara suka haɗa da dangin wake a ciki. Shekarar farko fili ya yi kore shar, har hoto ake tura wa 'yan'uwa a gida. Shekara ta uku kuwa sai ciyawa zalla, ta yi kara ta yi tauri, ga tofa, ga ganyen nan mai wari da Yarabawa ke kira Akintola. Sai ka ji ana cewa mai iri ne ya yi ha'inci.

Ni ma na taɓa faɗin haka a kan eka uku da na shuka a wajen Epe. Dattijon Bafulatanin da ke duba mini shanu ya bar ni na gama faɗa, sannan ya ce, "Alhaji, iri ai ya fito, da idonka ka gani. Ƙofa ce ta kashe shi." Na ce, "Baffa, wace ƙofa?" Ya ɗaga sanda ya nuna ƙofar shinge. Abin da yake nufi shi ne ranar da ake buɗe wa dabbobi, da ranar da ake fitar da su, da yawan waɗanda ake turawa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan ƙofar yake.

Dangin wake ba baƙi ba ne a wurinmu. Wanda ya taso a Arewa ya san darajar harawar wake da ta gyaɗa, ya san gadagi, ya san yadda awaki ke rububin 'ya'yan gawo. Duk gida ɗaya ne. A saiwarsu akwai 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje, cikinsu ƙwayoyin halitta ne da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Shi ya sa ganyensu ya fi ciyawa gina jiki, kuma ciyawar da ke kusa da su tana amfana. Matsalar ita ce ciyawar ƙasashe masu zafi ta fi su saurin girma nesa ba kusa ba, balle a Legas da ruwan shekara ke haura milimita 1,500. Don haka abokan gabarsu biyu ne, bakin dabba da inuwar ciyawa. A Arewa na farkon muka fi sani. A nan Kurmi na biyun ya fi yin ɓarna a ɓoye.

Mataki na farko: ka san wanda ka shuka

Kafin ka yi maganar kwana nawa ko shanu nawa, ka durƙusa ka dubi inda tsiron yake fitar da toho, domin nan ne ransa.

Akwai masu yaɗo suna hawa, irin su Centrosema da muke kira Sentiro, da Pueraria, da Lablab. Waɗannan suna nannaɗe ciyawa su hau sama neman rana, kuma idon tohonsu yana can a kan yaɗon, daidai inda harshen saniya ke fara kaiwa. In aka cinye su ƙasa sosai, sai sun fara gini daga tushe, kafin nan ciyawa ta rufe su. Su ne masu son cin sama-sama da dogon hutu. Pueraria na jure ƙasa mai laima da tsami, shi ya sa ake ganinsa a gonakin kwakwar manja, amma a kiwo shi ne ya fi saurin karaya. Lablab kuwa ɗan shekara ɗaya ne ko biyu, ya fi dacewa a yanka a kai wa dabba.

Akwai masu tsayawa da ƙafarsu, wato Stylosanthes da muke kira Sitailo. Nau'in da ake rubuta wa guianensis a buhu yana yin gindi mai itace, in aka ci shi har cikin itacen ba ya sake tohowa da kyau, wuta kuma tana gamawa da shi. Nau'in hamata, wanda aka fi sani da Verano, gajere ne, bai cika daɗewa ba, amma yana zubar da iri mai yawa, kuma daga irin nan yake dawowa kowace damina. Sitailo na yi a ƙasa mai yashi marar ƙarfi irin ta gefen Badagry, muddin ruwa ba ya kwanciya.

Sai masu kwanciya a ƙasa suna kafa saiwa a kowace gaɓa, kamar gyaɗar kiwo da ake kira Arachis pintoi. Ita idon tohonta yana manne da ƙasa, baki ba ya kai masa. Cin ƙasa-ƙasa bai cika damunta ba, har ma yana buɗe mata wuri ta yaɗu.

Akwai kuma Calopogonium, wanda sau da yawa yake zuwa a gauraye da irin Sentiro ko ya fito da kansa. Gashi ne da shi, shanu ba su cika son sa yana ɗanye ba. In ka ga yana ƙaruwa Sentiro na raguwa, kar ka yi murna, dabbobinka ne ke tsince mai daɗin suna barin wannan.

In fili ɗaya ya haɗa iri biyu ko uku, to ka tsara kiwonka a kan wanda ya fi rauni.

Mataki na biyu: haƙurin shekarar farko

Shuka a farkon damina, Afrilu ko Mayu, bayan ruwa ya zauna. Irin yawancinsu yana da ɓawo mai tauri, sai an jiƙa a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na 'yan mintoci, ko a goga shi da yashi, kafin ya fito tare. Kar a binne da zurfi, gaɓar yatsa ɗaya ta isa. Na fi son a shuka dangin wake a layinsu daban, a ba su tazarar mako biyu ko uku kafin a dasa ciyawa, don su samu kafa saiwa.

Daga nan sai rufe ƙofa. Kar dabba ta shiga sai ka kama tsiro ka ja da hannu ganye ya tsinke saiwa ba ta taso ba. Yawanci wata uku zuwa huɗu ke nan. In ciyawa ta wuce su kafin lokacin, sa adda a sare kanta a kai wa dabbobi a garke. Shigar farko kuma ta zama ta 'yan awoyi, a ranar da ƙasa ta tsane, da shanu kaɗan. Tumaki da awaki su jira, domin su leɓe gare su mai tsince, ganye ɗaya-ɗaya suke bi, kuma tunkiya tana ci har ƙasa.

Mataki na uku: raba fili

Fili ɗaya buɗe, dabbobi a ciki kullum, shi ne hanya mafi sauri ta rasa masu yaɗo. Saniya za ta koma kan tohon da ta ci shekaranjiya saboda shi ne mai taushi, ta bar ciyawar da ta tsufa. Tsiro ɗaya ana cin sa sau biyar a wata, maƙwabcinsa ba a taɓa shi ba. Sai ka ga fili ya zama wani wuri fayau, wani wuri duhuwa.

Raba shi kashi takwas. Kwana biyar a kowane sashe na nufin kowanne zai huta kwana 35 kafin a dawo masa, wanda ya yi daidai da damina. Ba sai ka ja wayar ƙarfe ko'ina ba: gora, igiya mai kauri, ko shingen itace mai rai duk suna yi, kewayen waje ne kawai ke bukatar ƙarfi don kar a shiga gonar maƙwabci a samu rigima da masu gari. Mai ƙaramin fili, fuloti biyu ko uku, ya yi amfani da turke, amma ya riƙa matsar da shi kullum, kuma ya sa alama don kar a dawo wuri ɗaya kafin wata ya cika.

Masu tumaki da awaki su yi kashi goma, kwana uku ko huɗu a kowanne. Wannan yana da wata riba ta daban. Ƙwan tsutsar ciki da ya fita a kashi yana bukatar 'yan kwanaki kafin ya zama abin da zai sake kama dabba, kuma a zafi da laima irin na Legas yawancinsu suna mutuwa cikin wata guda ko ɗan fiye in ba su samu mai haɗiye su ba.

Batun yawa kuwa, saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kusan kilo shida na busasshen abinci a rana, wanda a ɗanyar ciyawa ya kai kilo 25 zuwa 30. Ka fara da irin wannan saniya biyu a hekta guda, wato eka biyu da rabi, ko fuloti goma sha biyar a ma'aunin 'yan filaye na nan. Saniya ɗaya a madadin tumaki takwas zuwa goma. In shekara ta zagayo ka ga fili ya fi ƙarfinsu, ka ƙara. Ragewa bayan ɓarna ta fi wuya.

Mataki na huɗu: ranar shiga da ranar fita

Nan ne aikin yake. Kwanakin da na lissafa a sama jagora ne kawai, tsayin tsiro ne alƙali.

Ciyawar Gini, wadda ta cika gefen hanyoyin Kurmi, a shiga mata tana tsakanin gwiwa da ƙugu, kafin ta fitar da kai. A fita an bar mata kamar taƙi ɗaya da rabi. Amma kar idonka ya tsaya a kanta. Ka dubi Sentiro: in an ci kusan rabin ganyensa, yaɗon yana nan da sauran ganye a jiki, lokacin fita ya yi ko da ciyawa ta rage. In ka jira sai ka ga igiyoyi tsirara a kwance, ka makara. Ga Sitailo mai gindin itace, kar a sauka ƙasa da taƙi guda, kuma a bar masa rassa masu ganye. Gyaɗar kiwo ba ruwanta, ita a ci ciyawar da ke kanta ne ma take so.

Wani abu da makiyaya suka sani tun kafin masu bincike su rubuta: zaɓin saniya yana canjawa da lokaci. A farkon damina ciyawa tana da taushi da zaƙi, ita take bi, ba ta cika kula dangin wake ba. In ciyawa ta tsufa, daga ƙarshen damina zuwa rani, sai ta juya kansu gaba ɗaya. Wannan ɗabi'a makami ce a hannunka. A Mayu da Yuni, lokacin da ciyawa ke tashi kamar ana jan ta, tura shanu da yawa na ɗan gajeren lokaci su rage mata tsawo, rana ta kai ƙasa. A Nuwamba zuwa Maris kuma ka taƙaita, domin duk bakin da ya shiga dangin wake yake nema.

Haka aka yi a bankin abincin dabbobi da cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta gwada da Fulani a yankin Kaciya ta jihar Kaduna a shekarun 1980. Fili ne na kimanin hekta huɗu, a kewaye, a shuka Sitailo. Da farkon damina ana sa shanu su cinye ciyawar da ke neman rufe shi, sannan a rufe har rani, a riƙa buɗe wa shanu masu shayarwa da masu ciki awa biyu zuwa uku a rana. Inda aka bi wannan tsari Sitailo ya daɗe. Inda aka bar ciyawa ta yi yadda ta so, ko aka cika shanu da rani, ya ɓace. Ruwan Legas ya fi na Kaciya, don haka aikin danne ciyawa ya fi yawa a nan.

Kuskuren da na yi a Epe ke nan, kuma ba wanda kuke zato ba ne. Tausayi na ji. Na rufe sashe biyu tun Mayu wai ina tara abinci, na dawo a Agusta na tarar ciyawa ta fi ni tsawo, ƙarƙashinta duhu da laima, ganyen Sitailo ya yi rawaya ya zube. Ragowar kuma na sa dabbobi suka cinye shi da rani saboda ba ni da wani abin ba su. In ciyawa ta fi ƙarfin dabbobinka, sare ta. Ka shanya in ka samu rana, ko ka sayar wa masu raguna, kasuwarta ba ta mutuwa a garin nan.

Mataki na biyar: bin kalandar Legas

Afrilu zuwa Yuli babban ruwa ne, Yuni ya fi kowane wata. Zagaye ya yi sauri, hutun mako huɗu zuwa biyar. Ranar da aka kwana ana ruwa, ƙasa ta yi taɓo, kar a buɗe. Kofato yana nutsa gindin tsiro cikin laka, ya karya yaɗo, ya danne ƙasa har iska ta daina shiga, kuma ƙulle-ƙullen saiwa ba sa aiki ba iska. Ranar irin wannan a yanka a kai musu.

Babbar Sallah a 'yan shekarun nan tana faɗowa a tsakiyar wannan ruwa, a Yuni ta zo a 2023 da 2024 da 2025. Motoci na sauke raguna da bijimai daga Arewa, kowa na neman inda zai ajiye nasa mako biyu ko uku, kuma mai fili ba ya iya cewa ɗan'uwa a'a. Karɓa, amma ware musu wuri guda mai tudu wanda ka sadaukar, a ɗaure su a can da dusa da harawa da ciyawar da aka yanka. Rago hamsin a sashen Sentiro na kwana goma a Yuni sun isa su shafe aikin shekara biyu.

Agusta ruwa kan ɗan ɗaga. Lokaci ne mai kyau na sare ciyawar da ta yi kara, da tuge Akintola tun kafin ya yi fure da rani ya watsa iri.

Satumba zuwa farkon Nuwamba ruwa na biyu. Daga wajen Oktoba Sentiro da Pueraria ke fara fure, su yi ɓawo, iri ya nuna da shigowar rani. A nan ake sayen shekaru masu zuwa. Kowace shekara zaɓi sashe biyu cikin takwas ka rufe tun fure ya fara har ɓawo ya bushe ya fashe. Baɗi wasu biyun daban, cikin shekara huɗu kowane sashe ya zubar da iri sau ɗaya. Tsohon tsiro dole wata rana ya mutu, irin da ke kwance a ƙasa ne magajinsa. Bayan iri ya nuna ka sa shanu su ci, ka wuce da su sashen da ya yi ƙaranci. Iri mai tauri yana fita a kashin shanu da ransa, ya tsiro a cikin takinsa.

Disamba zuwa Maris girma ya tsaya, hutu ya koma mako bakwai zuwa takwas. Awa biyu ko uku da safe a sashen dangin wake, sauran yini a kan busasshiyar ciyawa da dusa. Masu tatsa da 'yan maruƙa su fara shiga, bijimai daga baya. A share gefen shinge taku huɗu ko biyar saboda wutar masu farauta. Kar kuma kai da kanka ka sa wuta wai don sabon toho, ciyawa da tofa za su dawo, Sitailo ba zai dawo ba.

Mataki na shida: taki

Kar ka zuba yuriya a fili mai dangin wake. Ciyawa za ta kwashe ta yi tsalle, su kuma su daina aikin saiwarsu. Abin da suke so shi ne supa, wato takin fosfet, buhu biyu zuwa uku a hekta lokacin shuka, da ɗan ƙari duk shekara ko shekara biyu. Takin kamfa, wato NPK, yana da naitirojin a ciki, in ba dole ba a bar shi. Tokar murhu tana taimaka wa ƙasa mai tsami. Kwanon ruwa da dutsen gishiri a riƙa canja musu wuri, domin inda dabbobi ke taruwa nan kashi ke taruwa, nan kuma tsiro ke mutuwa.

Itatuwan shinge

Wanda filinsa ya yi ƙanƙanta ya dubi itatuwa biyu da aka yi aiki a kansu sosai a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan: Leucaena, da Gliricidia wanda Yarabawa ke kira agunmaniye. Na biyun reshe kawai ake sara a kafa ya kama, kuma za ka same shi a gonakin ƙauyukan da ke kewaye da kai. A layi ake shuka su, tazarar mita huɗu, ko a jikin shinge. Kar akuya ta gan su sai sun fi mutum tsawo, domin tana ɓare ɓawon jikinsu su bushe a tsaye. Sara a tsayin ƙugu duk wata biyu zuwa uku. Ganyen agunmaniye yana da wari, a bar shi ya yi yaushi kafin a ba su, da sannu za su saba. Leucaena kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abincin yini, yawansa yana zubar da gashi ya rage cin abinci, doki kuwa kar a ba shi sam.

Mataki na ƙarshe: ƙirga, sannan gyara

Ido yana ruɗi, musamman idon mai fili. Sau biyu a shekara, ƙarshen Yuni da ƙarshen Oktoba, ratsa kowane sashe daga kusurwa zuwa kusurwa. Duk taku biyar ka tsaya ka dubi abin da ke gaban babban yatsanka, har sau hamsin, ka rubuta sau nawa ka tarar da dangin wake. Ajiye takardar. Abin da ake nema su zama kamar kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na abin da ke filin. Ka kuma tono tsiro biyu ko uku, ka fasa ƙullin saiwa da farce. In cikinsa ja-ja ne yana aiki. In fari ne ko kore, ba ya aiki, wataƙila ruwa na kwanciya ko supa ya yi ƙaranci.

In lissafin ya sauka, tambayi kanka wanne ne cikin biyun. Ciyawa doguwa, dangin wake sirara masu rawayan ganye a ƙarƙashi, inuwa ce: ƙara baki ko adda da damina. Ciyawa gajera, ƙasa na leƙowa, igiyoyi ba ganye, tofa na shigowa, baki ne ya yi yawa: rage dabbobi, tsawaita hutu, kuma wannan sashen ya zama cikin waɗanda za a rufe a Oktoba.

In sun kusa ƙarewa ba sai ka sake nome fili duka ba. A ƙarshen Maris sa shanu su cinye sashen ƙasa sosai, su kwana a ciki dare biyu ko uku su tattake shi. Da ruwa ya zauna, ja layi da fartanya duk taku biyu, zuba irin da ka jiƙa tare da ɗan supa, ka rufe da ƙafa. Bayan mako uku ko huɗu ciyawa za ta taso ta wuce sabon tsiro, sai ka sare kanta da adda a tsayin gwiwa, ka maimaita duk lokacin da ta sake rufe shi, har ya kai inda za ka ja shi da hannu bai tuge ba.